Tulun Iskar Kawuna

Shekarun baya, ina aji biyu a sakandare, akwai wani tulun ƙarfe da ke jingine bayan ƙofar ɗakin kawuna a Bungudu. Kawu ya yi aikin nutso a tashar jiragen ruwa ta Legas. Yakan goya tulun ya shige ƙarƙashin jirgi, yana shaƙar iskar da ke ciki. Da girma ya kama shi, ya dawo gida da abinsa, abokan wasansa suna kiransa sarkin ruwan tudu.

Duk hutu sai na baro Gusau na je na ishe shi da tambaya. Na taɓa ce masa, yaya rana take in mutum ya kalle ta daga ƙarƙashin ruwa? Ya ce kamar farantin azurfa da aka saki yana lilo a saman kanka. Daga ranar na shiga rubuta waƙoƙin teku, ni da ko kwalekwale ban taɓa hawa ba.

Ya yi alkawarin zai nuna mini, amma sai an cika tulun. Mun zaga da shi Gusau. Mai gas ɗin girki ya ce, "Baba, miya za ka dafa a gindin ruwa?" Mai walda ya ce zai ɗura masa tasa iskar, Kawu ya ce wannan ba ta nutso ba ce. Iskar nutso tatacciya ce, kuma injin da ya sani yana Legas. Kuɗin cikawar kansa ba wani abu ba ne. Kai tulun da dawo da shi, da gwajin da ake yi wa tsohon ƙarfe, su ne suka fi ƙarfin aljihunsa, kuma kowace shekara ƙaruwa suke.

Wani rani ya duba agogon da ke nuna yawan iskar tulun ya kira ni.

"Akwai 'yar saura. Gulbi ya kwanta, ruwan iya ƙugu. Taho da innarki mu tai, ki sa fuska ki ga ranar nan."

"Kawu, a ruwa iya ƙugu?"

"Rana ɗaya ce, ɗiyata. Ta Legas ba ta fi ta Bungudu ba."

Na ce a bari sai an cika, mu yi mai dalili. Na riga na ƙawata abin a raina, ba na son guntunsa. Mahaifiyata ta ce, "Ke dai kin fi son labarin tuwo da tuwon." Kawu ya yi murmushi ya mayar da tulun bayan ƙofa.

Hutu na gaba allurar agogon ta kwanta. Robar bakin ta tsufa, iskar ta sulale ba wanda ya ji. Muka ci gaba da cewa sai bayan kaka, kaka na zuwa tana wucewa, har Allah ya karɓi ransa.

Na daɗe ina ɗora laifin kan tsada. Yanzu na san rabon da ya zo mini bai nemi ko sisi ba, ni ce na ga ya yi kaɗan.

Tulun kuwa, an ba wata Islamiyya ta unguwar, suka rataye shi a jikin dalbejiya ya zama ƙararrawa. In na je Bungudu na ji an buga, yara sukan fito a guje suna murna. Ni kuma nakan tsaya cik, har sai ƙarar ta mutu.