Gidan Mai Banda a Rajistar Haraji

Yau idan mutum zai sayi gida a Nguru, kafin ya leƙa ɗaki ko ɗaya sai ya ce a nuna masa takarda. Ya duba suna, ya duba hatimi, ya kai wa wanda ya fi shi karatu ya sake dubawa. Lokacin da nake aiki ba haka abin yake ba. Mutum ya ga fili, ya je wurin bulama, wato mai unguwa, a kira dattawa biyu ko uku, a taka iyaka da ƙafa, a kafa turaku, a raba goro, a shafa fatiha. Takardar gidanka tana cikin kan maƙwabtanka, kuma muddin suna raye ba mai taɓa ka.

Na kama aikin akawu a sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma bayan na gaji da yawo, lokacin muna cikin Jihar Borno. Na yi shekaru a Kumasi ina rubuta wa fataken goro lissafi, na zauna a Sudan a hanyar Makka, na ɗan taɓa zaman Chadi. An ɗauke ni ne don ina iya rubutu, kuma ina iya magana da Barebari da Fulani da ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan kudu ba tare da tafinta ba. A Kumasi mai gidan da na yi haya mace ce. Duk shekara da kanta take zuwa ta biya kuɗin gida, ta dawo ta ninke rasit ta sa a gwangwanin da take ajiye zinariyarta. Na taɓa yi mata dariya, ta ce ranar da aka zo ƙwace gida wannan 'yar takardar ce za ta yi magana, ba ita ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani.

Bayan sojoji sun dawo mulki aka matsa wa ƙananan hukumomi su nemi kuɗi, sai aka ce a ƙidaya gidaje a sa musu haraji. Mu uku muke fita. Ɗaya yana riƙe da gwangwanin fenti yana rubuta lamba a jikin zaure, ɗaya yana shiga ya ƙirga ɗakuna, ni kuma ina rubutawa a babbar rajista. Ginin siminti mai rufin kwano kuɗinsa daban, na ƙasa mai azara daban, rumfar zana ba a lissafa ta. Idan akwai shago a bakin titi sai kuɗin ya ƙaru. Mun sha kallo. Akwai wanda ya ɗaure akuya a ɗakin ɗan hayarsa ya ce garke ne, ga gado da rediyo a ciki. A ƙarshen kowane layi akwai gurbin sunan wanda ya mallaki gida, da inda zai dangwala yatsa.

Mutanenmu sun san haraji tun kaka da kakanni, amma wanda suka sani na kai ne. Namiji baligi ake bi, mace ba a taɓa rubuta ta. A ce sunan mace ya shiga littafin haraji, kamar an yi shela ne cewa gidan ba namiji, ko akwai amma ba shi da amfani. Wannan sabon kuwa gini yake bi. Ba wanda ya tsaya ya bayyana wa mutane bambancin, har da ni.

A wata unguwa bayan tashar jirgi akwai gidan da kowa yake kira gidan Hajiya mai banda. 'Yar Bade ce daga Gashuwa. Tana sayen tarwaɗa a hannun masunta, ta yi banda, ta cika kwalaye ta aika kudu. Da wannan kuɗin ta sayi filin a gaban tsohon bulama, ta gina ɗakuna biyar na siminti, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru. Mijinta abokina ne, Babarbare mai sayen fatu, mutum mai sauƙin kai. Shi da bakinsa yake cewa shi ɗan haya ne da ba ya biya. Ba su sami haihuwa ba. Na ci tuwon gidan nan ba adadi.

Mijin ya rasu saura 'yan makonni mu isa unguwarsu. Ranar da muka je Hajiya tana takaba, ba ta fita, ba ta ganin maza. Ƙanin mijinta ne a zaure, yana karɓar masu ta'aziyyar da suka makara. Ni jinin Fulani ne, shi Babarbare, don haka bayan mun yi wa mamaci addu'a ba mu fasa abin da muka saba ba.

"Fulata," ya ce, "shanun sun ƙare ne ka koma ƙirga ɗakuna?"

"Bayina nake ƙirgawa. Kai ne na farko a yau."

"To rubuta ni da kyau, kada hannunka ya yi rawa."

Abokin aikina ya yi sallama ya shiga, ya fito ya ce ɗaki biyar, siminti, kwano. Na rubuta. Na zo gurbin suna na tsaya. Zauren cike yake da mutane. Idan na rubuta sunan Hajiya, dole in kira shi da ƙarfi a gaban maza, a shiga da rajista a shafa wa mai takaba tawada a yatsa, kuma gobe a ce akawu ya je gidan makoki ya nuna dangin mamaci ba maza ba ne.

Na ɗaga murya yadda za a ji daga ciki, na ce, "Hajiya tana cikin wani hali. Mu sa sunan ƙanin maigida, kuɗi kawai ake nema."

Dattawan da ke zaune suka gyaɗa kai. Wani ya ce haka ya dace. Ƙanin mijin ya dangwala yatsa, ya goge a ƙasan tabarma. Kafin mu bar layin aka biyo ni da kifi guda uku a ƙunshe, aka ce in ji Hajiya, ta gode da aka rufa mata asiri. Na kai gida aka yi miya.

Ba na jin ƙanin mijin yana da wata manufa a ranar. Shekara uku yana biyan kuɗin gidan, wani lokaci ma da kuɗin da ita ta ba shi, ana rubuta rasit da sunansa, yana ajiyewa. Amma fari ya taɓa shi. Dabbobin da ya ba Fulani kiwo wajen Jajimaji suka mutu, fatu suka yi arha, iyalinsa kuma suna da yawa. Sai ya fara cewa gidan na yayansa ne, gado ne da ba a raba ba, shi ya sa hukuma ta rubuta shi a matsayin magaji. Hajiya ta ce gidanta ne. Aka je gaban alƙali.

Tsohon bulama ya rasu. Cikin dattawan da suka taka iyakar filin ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Nijar ba a san garinsu ba. Maƙwabta sun ce sun san ana kiransa gidan Hajiya, amma ba wanda ya ga lokacin da kuɗi ya fita daga hannunta. Ƙanin mijin kuwa ga rasit uku, ga rajista. Alƙali ya ce a kira wanda ya rubuta.

Sammaci ya same ni a lokacin da ake ta sallamar ma'aikata. A ofishinmu an kori mutum biyu a wata ɗaya, ɗaya saboda kuskuren da bai kai nawa ba. Ina da 'ya'ya a makaranta, saura 'yan shekaru in cancanci fansho. Na yi kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa, ina neman maganar da ba ƙarya ba ce kuma ba za ta ci aikina ba. Na same ta.

Alƙali ya ce, "Malam, wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne, Allah ya gafarta malam."

"Da ka rubuta sunan wannan mutum, me ka dogara da shi?"

"Shi na samu a zaure. Dattawan unguwa suna nan, ba wanda ya musa."

"Ka san wani abu game da asalin gidan?"

"Ba na nan aka sayi filin."

Duk gaskiya ne. Ina Sudan aka sayi filin. Hajiya tana zaune a gefen mata, ta ja mayafi har goshi. Ba ta ko dube ni ba. Da na ce mijinta ya sha faɗa mini a kan tabarma ɗaya cewa gidan nata ne, da na ce ni na kawo shawarar a sa sunan wani don kunya, ban san yadda shari'ar za ta ƙare ba. Wataƙila da an ba ta rantsuwa. Ban faɗa ba. Aka yanke cewa gidan gado ne. Aka yi masa kuɗi, aka ba ta rubu'i, rabon matar da ba ta da ɗa. Ta kwashe kayanta a bayan a-kori-kura ta koma Gashuwa.

Ƙanin mijin ya ci gaba da tsokanata idan mun haɗu a kasuwa. Na daina ramawa, shi ma daga baya ya daina.

Sai da aka kusa shekara biyu na iya zuwa wurin Hajiya. Aiki ya kai ni Gashuwa, na gama da wuri, na tambayi masu kifi a bakin kogi, aka kwatanta mini. Na same ta a gidan ɗan yayanta, a wani lungu da aka kewaye da zana, tana juya kifi a kan waya, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Ta rame. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya.

"Malam akawu, ɗakuna ka zo ƙirgawa? Ɗaya ne, kuma ba nawa ba ne."

"Hajiya, gafara na zo nema."

"Ta wanne?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ai laifin biyu ne," ta ce. "Na zaure, ina bayan ƙofa ina jin ka. Daɗi na ji. Na ce mutumin nan ya san mutunci. Wannan tare muka yi shi, har kifi na ba ka lada. Da ka ce a shafa mini tawada a ranar, da na ce ba ka da tarbiyya."

"Amma ni na san abin da takarda take yi. Ke ba ki sani ba."

"Yanzu na sani." Ta juya wani kifi. "Na kotu kuma naka ne kai kaɗai. Ba ka yi ƙarya ba, na saurara da kyau. Har na ce a raina, ashe haka masu ilimi suke yi."

Na ce zan koma in faɗa wa alƙali, ko da aikina zai tafi. Ta ce in je in faɗa wa wa, an raba, an ci, mutumin har ya aurar da 'yarsa a ɗakin da ta fara ginawa. Ta ce ta yafe na farko tun tuni. Na biyu kuwa tana ƙoƙari, in ba ta lokaci, tsufa ya sa komai nata a hankali yake tafiya.

Na yunƙura zan tashi, ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda a cikin leda. Da rubu'in nan da abin da ta tara ta sayi ɗan fili a bayan gari, za ta yi ɗaki biyu.

"Karanta mini sunan da ke nan."

Na karanta. Sunanta ne da na mahaifinta.

"Ba sunan ɗan yayana a ko'ina? Duba baya."

Na juya, na ce babu.

"To madalla. Kai ne na huɗu da ya karanta mini. Na fara da malamin makaranta, sai wani Inyamuri mai kemis, sai limami."

"Ba ki yarda da limami ba, Hajiya?"

"Na yarda da shi. Da kai ma ai na yarda."

Ta mayar da takardar cikin leda. Ta ƙunsa mini kifi, na ce a'a, ta ce ba kyauta ba ce, in biya. Na biya, ta ƙirga a gabana.

Bayan na yi ritaya na koma ofis na nemi tsohuwar rajistar, ko za a yarda in rubuta wani bayani a gefen layin. Wanda ya gaje ni ya ce hukuncin kotu ya rufe maganar, kuma an riga an kwafe sunayen zuwa sabon littafi. Hajiya ta gina ɗakunanta biyu a Gashuwa, na ƙasa, ta zauna a ciki har ta rasu. Ban sake jin ta bakinta a kan gafara ta biyu ba. Gidan Nguru bai koma hannunta ba, yana hannun 'ya'yan ƙanin mijinta, kuma duk takardar da aka yi masa tun daga lokacin daga layin da na rubuta aka kwafo ta.