Gayyar Ɗaga Mota a Dagenham

Da yayana ya yi ritaya daga aikin likita, sai ya tare a wani gareji da yake haya a Dagenham, wajen wata tsohuwar mota irin wadda mahaifinmu ya taɓa hawa a Kano. Bodinta lafiya lau. Firam ɗin da bodin ke zaune a kai ne gishirin da ake zuba wa tituna lokacin sanyi ya cinye. In ka soka sukundireba sai ta shige.

Ya sayo wani firam mai tayoyinsa ya ajiye a gefe. Ya kwance notoci, ya zare wayoyi, ya cire kujeru da gilasai don a rage nauyi. Har da alli ya zana a siminti inda kowa zai tsaya ranar da za a ɗaga bodin a ɗora a sabon firam. Ana haka council, wato ƙaramar hukuma, ta sanar za ta rushe garejojin layin a ƙarshen wata. Motar da ba za ta iya gangarawa waje ba, rabon 'yan gwangwan ce.

Na ce ya yi hayar injin ɗagawa. Ya nuna mini rufin da kansa ke kusan taɓawa.

"Ta ina zai shiga? Gayya zan yi."

Bayan sallar Juma'a ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya a ƙofar masallaci. Kowa ya ce, "In sha Allahu, Likita."

A hanya na ce, "Yaya, akwai wanda ya tambaye ka ƙarfe nawa?"

"Kai ɗan rediyo, komai sai an karanta maka a labarai?"

Ranar Asabar matarsa ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, muka jera kuloli a bakin gareji. Sai waya ta fara ƙara. Wannan an canza masa shift. Wancan ya kai yara ƙwallo Stratford. Wani ya ce an yi cancel ɗin jirginsa. Ɗan Yaya ma ya bugo, ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, ya ce a sayar da motar kawai.

Mu biyu muka gwada. Kusurwa ɗaya ta tashi kamar taƙi guda, sai gadon bayan Yaya ya riƙe, muka sake ta. Ya daɗe zaune a kan taya yana kallon zanen allin.

Na ce a sake kiransu mako mai zuwa.

"Ba a gayya sau biyu. Ta biyun roƙo ce."

Bai sake kiran kowa ba, ni ma ya hana ni.

Da 'yan gwangwan suka zo, sarƙa suka ɗaura suka jawo ta waje, tsohon firam ya karye a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne ya danna maɓalli, ƙugiya ta shiga ta tagogi ta ɗaga bodin sama. Suka kwashe har da sabon firam ɗin suka tafi.

Yaya ya ce in kama masa gilasan, ya riga ya naɗe su a bargo. Muka hau da su flat ɗinsa a hankali. Suna ƙarƙashin gadonsa har yau.