Yadda Aka Tausaya Mini Har Na Rasa Gurbina a Jirgi

Shekarun baya, lokacin da furfura ta fara leƙo mini amma ban amince da zuwanta ba tukuna, ina Manchester ina karatun digiri na uku. Ni da iyalina muna zaune a unguwar Moss Side, a wani ɗan gida mai matsattsen bene. Bincikena a kan tekun da ke ƙuryar arewacin duniya ne, wanda ƙanƙara ta lulluɓe: yadda ruwa mai ɗumi daga kudu ke kutsawa ƙarƙashin ƙanƙarar yana cin ta ta ƙasa, da yadda tafiyar wannan ruwa ke sauyawa. Na san tambayar da za ku yi, domin an sha yi mini ita: me ya haɗa Bakano da ƙanƙara? Amsata ita ce teku da iska tare suke tafiya, damunarmu kuma a hannun iska take.

A sashenmu akwai al'adar da kowa ya sani. Duk ɗalibin wannan fanni ana ba shi gurbi sau ɗaya a jirgin ruwan bincike, ya je ya zura na'ura cikin teku, ya auna ɗumin ruwa da gishirinsa tun daga sama har ƙasa. Sau ɗaya ne tak, domin guraben kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Na daɗe ina aiki da awon da wasu suka yi, ina jiran zuwan nawa. Da lokacin ya matso, ni ne ma na tsara wuraren da jirgin zai tsaya, saboda babi guda na kundina a kansu ya dogara.

Ba a barin mutum ya hau jirgin sai ya ci gwajin ceton kai a ruwa, ni kuwa ban iya iyo ba. Haka na riƙa zuwa wurin ninƙaya na unguwa, ina da shekara arba'in a duniya, na ƙanƙame bakin kwami, yara suna wuce ni kamar tarwaɗa. Matata ta ce, "Baban yara, da irin ruwan da kake sha a can, ai ka gama binciken teku tun a nan." Na dai ci gwajin.

Sai tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, kuma a wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a can sam. Wata rana muna shan shayi a sashe, farfesan da ke duba aikina, dattijo mai fara'a wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tambaye ni yadda mai azumi zai sha ruwa a inda babu magariba. Na ce masa ban san hukuncin dalla-dalla ba, amma zan tambayi masana. Iyakar maganar ke nan.

Bayan 'yan makonni na samu sarari, na hau bas zuwa Birmingham wurin wani abokina likita, wanda ya girme ni kuma ya daɗe a unguwar Small Heath. Yana buɗe ƙofa ya ce, "Sarkin ƙanƙara, an iso? Shigo kafin ka narke." Bayan la'asar ya kai ni wurin wani malami da suke salla a bayansa. Na zayyana matsalata da dogon bayani, har da karkatar duniya. Malam ya bar ni na gama, sannan ya yi murmushi.

"Wannan ne ya taso ka tun daga Manchester? Ai da ka bugo waya. Kai matafiyi ne, in ka so ka ajiye, ka rama idan ka dawo. In kuma ka fi son ka yi, ka bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana. Salla ma haka. Je ka yi aikinka, ka dawo ka ba mu labarin ikon Allah."

Abokina ya ce, "Allah gafarta Malam, a haɗa masa da addu'ar amai. Wannan ko kwalekwale bai taɓa shiga ba."

Na koma Manchester zuciyata wasai. A taron sashe na farkon mako, farfesa yana bayanin shirin tafiya sai na ji ya ambaci wani sabon ɗalibi a matsayin wanda zai yi awon. Da farko na zaci an samu ƙarin gurbi ne. Da aka tashi na bi shi ofis.

Ya nuna mini kujera, ya ce da muryarsa mai taushi, "Mun yi tunani sosai a kan halin da kake ciki. Ba mu so mu sa ka zaɓi tsakanin addininka da aikinka ba."

Na ce, "Ku su wa?"

Ashe shi ne da wasu abokan aikinsa biyu. Sun zauna, sun karanta abin da suka samu a intanet game da azumi, sun hango ni a kan jiƙaƙƙen dandamalin jirgi ina jiri saboda yunwa, sai tausayina ya kama su. Na ce, "Ai na faɗa maka zan tambayo, ga shi kuma na zo da amsar." Da na faɗi amsar, fuskarsa ta yi ja. Ya ce sun ji nauyin sake tayar mini da maganar ne, tunda sha'anin addini ne, kada su takura ni. Ya ƙara da cewa tuni aka sanar da masu jirgin, kuma ba sa sauya mutum a ƙurarren lokaci. Ya ba ni haƙuri har sai da na ji kamar ni ya kamata in lallashe shi.

A hanyar gida na kira abokina, na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Haba, ai mutumin kirki ne. Wani ko tunanin azuminka ba zai yi ba."

Na ce, "Yaya, da bai yi tunanin ba, da yanzu ina haɗa jaka."

Ɗalibin ya tafi, ya yi awon da kyau, ban kuwa taɓa ganin laifinsa ba. Ni kuma na yi azumina a Manchester a gaban kwamfuta, azumin da shi ma ba gajere ba ne. Kafin wata tafiyar ta zagayo, wa'adin karatuna ya ƙare. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni yadda ƙanƙarar take a wani wuri da awonsa ya fita daban. Na ce masa ban je ba. Ya dubi taswirar da na tsara, ya dube ni, ya wuce zuwa tambaya ta gaba.

Na sha tuhumar kaina ko wannan fushi butulci ne, domin farfesan nawa ya yi mini alheri kafin nan da bayan nan. Amma duk yadda na juya maganar, wuri ɗaya nake dawowa. Da ƙiyayya ce ta hana ni, da na san inda zan kai ƙara. Wa zan kai wa ƙarar tausayi? Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗannan mutane uku su ne suka koya mini cewa ba a kintatar halin ruwa daga ofis, zuwa ake yi a auna, ko da kuwa a ƙarshen duniya yake. Ni da teburina ke ɗakin da ke jikin nasu, sai suka kintace ni.

Har yau duk Salla gaisuwar farfesan tana riga ta wasu 'yan'uwana isowa, ina kuma amsa masa da ladabin da ya cancanta. Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma darasin da ɗalibai suka fi yaba mini shi ne na wannan teku. Nakan zana musu shi a allo, da zurfinsa da hanyoyin ruwansa, ba tare da na duba littafi ba. A kowace shekara kuma sai an samu wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya wurin yake in mutum ya tsaya a kai?" Sai in ce masa ban sani ba.