Auren da Kawu Lawal Ya Ɗaura a Gindin Randa

Duk wanda ya zauna da Kawu Lawal a Ƙofar Durbi ya san ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya fara leƙa gindin randa. A nan yake ajiye farantan gilashinsa, tun da ya bar ma'aikatar gona ya dawo da tsohon madubin ƙara girma.

Cutar da ke ruɓar da tattasai yake kiwo a ciki. Ya ce kala biyu ce, sai sun haɗu suke yin ƙwai mai kauri da ke kwana cikin ƙasa shekara da shekaru. Ya ɗebo ɗaya daga Ajiwa, ɗaya daga Jibiya, ya haɗa su faranti guda. In suka yi ƙwai, zai gargaɗi manoma su sauya shuka.

Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, na sa musu suna Ango da Amarya.

Shekarar da soja suka koma bariki, masu neman ƙuri'a suka zo. Kawu ya nuna wa babbansu faranti ya ce ya faɗi dangin cutar. Mutumin ya ce funfuna ce.

"Funfuna? 'Yar'uwar gansakuka ce! Wanda bai san dangi ba, mi zai raba mana?"

Kawu bai yi zaɓe ba.

Wata ya bi wata, Amarya ta ƙi. Ya sake sabon faranti, ya rame, kullum yana fito da su tsakar gida yana haska su. Inna, matarsa, ta gaji har ta daina magana. Na ce masa a duk littafin da na karanta, ba a taɓa furta so babba na tsaye ba, ya ba su wuri mana.

"Ɗiyata, kimiyya ba ta san kunya ba."

Ranar da ya rasu, Inna ta kifa musu ƙwarya don kada masu ta'aziyya su taka. Bayan sadakar bakwai na ɗaga, na duba da madubin yadda ya koya mani. Ga ƙwai nan zagaye-zagaye, kowanne da abin wuyansa. Duhu kawai suke so.

Na zauna ina dariya, hawaye na zuba. Washegari na aika wa manoman Ajiwa saƙonsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, shi da bai taɓa yarda da duhu ba.