Jakunkunan Mangwaron Tela

Shekara talatin da huɗu Tela ya yi a kan keken ɗinki, har ido ya fara yi masa gardama wajen zura zare a allura, ya rufe shago ya dawo gida. Mutane suka ce ya huta. Hutu a ina! Bishiyar mangwaro ɗaya tal a bayan ɗakinsa ta tsare shi tsarewar da shago bai taɓa yi masa ba.

Yayarsa ce ta dasa bishiyar, ita da ta raine shi, ta kuma koya masa ɗinki tun ƙafarsa ba ta kai matakin keke ba. Yanzu tana kwance a gidan 'yarta, tafiyar awa biyar a mota. Farkon ciwon da ya kira ta a waya, abu ɗaya ta ce: "In za ka zo, ka taho mini da mangwaron bishiyata." Shi ke nan fa, Tela ya ɗauki maganar nan ya aza a ka. Ya rantse ba zai je mata hannu rabbana ba.

To, ga birai. Da hantsi suke gangarowa daga dutsen bayan unguwa, su biyo katanga a jere. 'Yan banzan ba ma don yunwa suke ci ba, sai su gatsa sau ɗaya su yar. Ya rataya gwangwanaye a igiya, suka mayar da su abin wasa. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, babbansu ya zauna a kafaɗarsa yana sosa ciki.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya kakkaɓe keke, ya zazzage buhun ƙyallaye, ya ɗinka 'yan jakunkuna arba'in, kowace da mazaginta. Da yake mai idon zaɓen yadi ne, manya-manyan 'ya'yan kawai ya bi ya sa wa jaka. Ashe aiki ya rage wa birai. Cikin kwana uku suka gane duk inda ƙyalle yake, nan daɗi yake. Har mazagin suke kwancewa.

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, saura ka ajiye musu wuƙa da faranti."

Shi dai ya jawo kujera gindin bishiya da sanda a hannu, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Nan yake cin abinci, ko aski ya daina fita. In ya shiga banɗaki, kunnensa na kan rassa. Wani lokaci ya kalli biran suna tsallake katanga abinsu, ya ji har hassada yake musu.

"Ka saya a kasuwa mana, wa zai sani?" in ji matar.

"Ba ki san Yaya ba. Da ƙanshi za ta gane."

"To tsinki ɗanye, ya nuna a hanya."

"Ba ta shan nunan dole."

'Yar Yaya ta kira sau uku. "Kawu, jikin fa ya yi tsanani."

"Kwana huɗu kawai, 'yata. Sun fara ja."

Kwana huɗu ya zama goma sha ɗaya. Jaka arba'in ta koma biyu. Ya tsinke su, ya rungume a ƙirji har mota ta sauke shi.

Ya tarar Yaya ba ta iya haɗiyar komai sai ruwa a cokali. Ya sa mata jaka ɗaya a tafin hannu. Ba ta kwance mazagin ba. Ta dinga shafa bakin ɗinkin da babban yatsa, kamar yadda take duba aikinsa yana yaro.

"Ɗinkinka ya yi kyau," ta ce, da ƙyar ake jin muryar. "Wata biyu ina sauraron ƙofa, auta. Wa ya ce maka mangwaron nake jira?"

Washegari da rana, Yaya ta cika.

Bana bishiyar ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Kujerar na nan, shi ma yana kai, da sandarsa. Jiya matarsa ta kawo masa ruwa, ta tsaya ta ce, "Malam, yanzu kuma wa kake tsare wa?"

Ya karɓi kofin, idonsa na kan katanga. Ya ce, "Matsa, kin tare mini."