Inna Saude da Akwatin Kiran Ɗan Fari

Innarmu Saude ta haifi 'ya'ya bakwai, amma shida kawai bakinta ya sani. Ni ce auta, Mardiyya, kuma in ta ƙwala mani kira daga tsakar gida, wallahi har masu awo a kasuwar Gummi sai sun waiga. Na farin, Yaya Sufyanu, bana shekararsa hamsin da ɗaya, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wajenmu, amma sauran mata suna yi suna sassautawa in shekaru sun ja. Inna kuwa uwarta Bafillata ce, sai ta haɗa kunyar Hausawa da ta Fulani ta ɗora a kai, ta ƙi saukewa.

A Adabka aka haife ta, can ta yi aure, can ta shekara arba'in tana dafa kalwa tana daddawa. Duk wanda ya ci miya mai daɗi a garin nan ya san hannunta. Da hanya ta lalace, zaman ƙauye ya zama na zullumi, Yaya ya ɗauko ta ya kawo Gummi, ya gina mata ɗaki a can ƙuryar gidansa. Shi hatsi yake saye da sayarwa, shagonsa na manne da zauren gidan.

Sunayensa a bakinta sun fi goma, ba ɗaya da ke nasa. Wani lokaci “mai hatsin can”, wani lokaci “yayan su Zubaida”, in ranta ya ɓaci kuma “mutanen ƙofa”. Shekarar da ya biya mata Makka, mata suka cika gida barka, aka ce wa ya kai ki? Ta ce, “Wani bawan Allah ne.” Yana tsaye a bakin ƙofa da buhun dabino a kafaɗa! Sai ya yi murmushi ya aje ya fita, ni kuwa haushi kamar in fashe.

Daminar bara ne ta zame a bayan ɗakinta da hantsi, ƙugu ya bugu, ta kasa tashi. Murjanatu matar Yaya ta tafi suna, ni ina makarantar da nake koyarwa. Yaya yana shago, tazarar da in ta yi tari mai ƙarfi zai ji. To, ku ji wa Inna ta kira. Ta kira ni. Ta kira yayata Zubaida, wadda ke aure a Anka. Ta kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da wata da ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tana kwance cikin laka har azahar, sai da Murjanatu ta dawo ta same ta. Da na tambaye ta a asibiti me ya hana ta kiran wanda ke kusa, sai ta harare ni ta ce, “Ke dai ba ki da ta ido.”

Bayan kwana uku Yaya ya tafi Sakkwato ya dawo da kwali. A ciki akwai akwati biyu farare, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, da doguwar waya. Ya kira Hudu mai gyaran rediyo ya haɗa. Hudu mutum ne da ba ya ɗaura ƙusa sai ya yi lacca. Ya ce sunan abin intakom, daga Sin aka ƙero shi, irinsa ake sa wa manyan asibitoci. Ka danna maɓalli nan, can ya yi ƙara, ka yi magana a ji ka. Ya ce masu ƙera shi ba abin da ba su hango ba: ruwa ba ya ɓata shi, zafi ba ya narka shi, in an ɗauke wuta yana da batir. Har takardar bayani ya buɗe mana, harshe bakwai, da hoton wata tsohuwar Baturiya tana danna maɓalli tana washe baki, ɗanta na sheƙowa a guje. Na duba harsunan nan bakwai, ban ga inda suka yi maganar uwar da ba ta kiran ɗanta ba.

Aka aje ɗaya kan kujera 'yar tsugunne a gefen gadon Inna, ɗaya a shagon Yaya. Hudu ya ce, “Hajiya Inna, bismilla, danna mu gwada.”

Ta ce, “In an taɓa wanga abu, ina shika kuka?”

“A shagon Alhaji Sufyanu.”

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar surukinta ne ya shigo. Ta ɗauki faifai ta kife a kan akwatin. Ta ce da Hudu ya gaida gida.

Yaya ya je ya ɗauko Malam Abdulmajid limamin unguwa. Malam ya zauna a bakin ƙofa ya yi bayani mai kyau. Ya ce addini bai hana uwa kiran ɗanta ba, kuma kare rai wajibi ne. Da ya ga ba ta motsa ba, ya sauko ƙasa, ya ce to ai danna maɓalli ma ba kiran suna ba ne, yatsa ne ya yi aiki, baki yana rufe. Inna ta saurare shi tsaf, ta sa aka ƙunsa masa daddawa. Yana fita ta ce, “Karatu dai ya sani. Ni na san uwarshi, har ta koma ga Allah ba ta hwaɗi sunanshi ba. Shi zai koya mani?”

Murjanatu, baiwar Allah mai hankali, ta kawo shawarar da kowa zai kawo. Ta ce a cire na shagon a kai ɗakinta, Inna ai tana kiran suruka ba kunya. Yaya ya ce wayar ba za ta kai ba. Ɗakin Murjanatu ya fi shagon kusa da na Inna sau biyu, ga kuma ragowar waya a naɗe a kan buhun gero kowa yana gani. Ranar na gane ba faɗuwar Inna kaɗai ce ta kai shi Sakkwato ba. Mutumin nan, da furfurarsa da jikokinsa, so yake uwarsa ta kira shi ko sau ɗaya. Tausayinsa ya kama ni, har na kasa yi masa tsiya, ni da ba na raga wa kowa.

Daga nan Yaya ya zama mai gadin akwati. Ya daina zuwa cin kasuwar ƙauye, sai dai ya aika. Salla a masallacin ƙofar gida, yana sallamewa ya dawo. Kullum da safe sai ya goge akwatin da gefen rigarsa, ya kara kunne ya ji ko yana da rai. Abokan cinikinsa suka gano, suka sa shi gaba. Wani ya shigo ya ce, “Alhaji, an bugo daga fadar?” Shi dai sai ya ce a auna hatsi a bar surutu.

Wata rana da rana tsaka abin ya yi ƙara. Yaya ya watsar da tiya, gero ya tarwatse, ya ratsa gida a guje ba takalmi, hula a hannu. Ya tarar Inna tana barcinta, kaza ce ta ture faifan ta hau kan maɓalli tana waige-waige. Da labarin ya kai wa Hudu, cewa ya yi wannan shaida ce kayan na asali ne, tunda ko kaza ta iya aiki da shi.

Sai a wata na biyar Inna ta taɓa akwatin da hannunta. Ina shagon ranar. Ƙara ta tashi, sai muryarta, a dake, kamar mai shela: “A gaya ma masu gidan ga akuyarsu ta shiga daddawata.” Ɗif, ta saki. Jama'a, ku zo ku ga Alhaji Sufyanu! Ya kori akuya da kansa, ya dawo yana ta fara'a, har ya yi wa wata mata gyaran da ya kusa rabin tiya. Sati guda yana ba mutane labari. Na ce, “Yaya, akuya fa aka kira, ba kai ba.” Ya ce, “Ke dai bari, ai an fara.”

Ba a ƙara ba. Wata uku suka wuce, faifai ya koma mazauninsa.

Ran wata Laraba aka yi rasuwa a unguwa, aminin Yaya ne tun na ƙuruciya, ba yadda za a yi ya ƙi zuwa jana'iza. Bayan la'asar ya leƙo ya ce in zauna masa a shago, yanzu zai dawo. Har ya kai ƙofa ya juyo ya nuna mani akwatin, kamar ban san shi ba. Na ce ya tafi don Allah, abin da ya yi wata takwas bai kira shi ba, ba yau zai fara ba.

Ko rabin awa bai yi da fita ba abin ya yi ƙara. Na ɗauka kazar ce. Sai na ji numfashi, sama-sama, sannan wata 'yar murya da ban taɓa jin Inna da ita ba.

“Sufyanu.”

Na daskare.

“Sufyanu, zo. Zo, ɗana.”

Ban san lokacin da na kai ɗakin ba. Na same ta a ƙasa, ta jingina da gado, gumi ya jiƙa ta, yatsanta har lokacin yana kan maɓalli. Ta ɗago ta ga ni ce, ta leƙa bayana, ba kowa. Ni da Murjanatu muka sa ta a keke mai ƙafa uku muka yi asibiti. Aka ce jininta ne ya hau, an kuma kawo ta da wuri. Can Yaya ya same mu, da ƙasar maƙabarta a ƙafarsa.

Kwana biyu Inna ta warware, bakinta ya dawo daram. Ni kuwa da ba na iya riƙe magana, a gabanta na gaya wa Yaya abin da na ji. Inna ta tafa hannu ta yi salati. “Ni? Ni Saude? Wagga ɗiya ta haukace. Ke nika kira, kunnenki ne ya toshe. In kuma akwatin ne ya hwaɗi haka, to ƙarya shikai, a maida ma masu shi.” Ta juya fuska bango ta ce a ba ta kunu.

Yaya ya tafi wurin Hudu ya tambaye shi ko akwatin yana riƙe maganar da aka yi. Hudu ya ce a'a, wannan wucewa kawai take yi, mai riƙewar wani samfuri ne daban, in ana so zai sa a kawo. Yaya ya ce a bar shi.

Da yamma na je shagon ɗaukar jakata. Ba kowa sai shi, yana zaune kan buhu, akwatin na gabansa. Na yi masa sallama zan fita, ya ce, “Mardiyya.”

“Na'am, Yaya.”

“Tsakaninki da Allah, ta faɗa?”

“Wallahi ta faɗa. Sau biyu.”

Ya murza hularsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yaya ta faɗe shi? Yi mani yadda ta yi.”

Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Na rage murya yadda na iya, na ce, “Sufyanu, zo. Zo, ɗana.”

Ya juya mani baya, ya fuskanci buhunan gero. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauki jakata a hankali, har na sa ƙafa waje, sai na ji ya ce, “Ƙara faɗi.”