Tsohuwa Mai Jan Fenti

Ina jiran bas na hango ta a layin gidajen mahaƙa kwal. Gajeriyar tsohuwa ce, tana bisa tsani tana shafa wa tagarta jan fenti. Gidajen na bulo ne, manne da juna, hayaƙin shekaru ya dafar da su. Bara aka ce za a rushe su, yau kuwa ga ma'aikata suna kafa allon da ya hana a taɓa ko bulo ɗaya. Yadda take lallaɓa katakon nan, ina jin a ɗakin aka haife ta.

Wani dattijo a ƙasan tsanin ya ɗaga kai. "Truda, sauko kafin ki karye!"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Alojz, katafilar rushe gida ma ta gan ni ta juya, balle kai!"